Shekara Biyu Muna Gyaran Akori-kurar Baba

Mahaifina direba ne. Haka aka san shi a Karaye, haka kuma yake so a san shi. Tun ina goye yake yi wa ma'aikatar gona tuƙi, yana kai taki da iri ƙauyuka, har ya yi ritaya. Da aka tashi gwanjon tsofaffin motocin ma'aikatar, sai ya tattara abin da aka sallame shi da shi ya sayi wadda ya saba ja, wata farar akori-kura mai rumfar tamfol a baya. Da ita ya ci gaba da neman abinci. Ranar kasuwa ya ɗauko masara da barkono daga Gwangwan, lokacin rake ya yi ta jigila daga fadamun Rogo, in haihuwa ta zo wa mace da gardama a ƙauye shi ake aiko wa. A duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takawa ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

Ni ne ɗansa na fari, saboda haka ba ya kiran sunana. Tun da na fara koyarwa a wata firamare a Rogo ya koma ce mini Malam. Inna kuwa, wato mahaifiyata, Bafillatana ce daga Fulatan, kunyarta ta ninka tasa. Ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana so in ci abinci sai ta dubi murhu ta ce, "Ga tuwo can yana hucewa." A haka na tashi, ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Iyalina suna Rogo tare da ni, amma duk Juma'a in an tashi daga makaranta nakan hau babur in zo Karaye in gaishe su, in koma ranar Lahadi. Wata Juma'a a farkon damina na iso na tarar da motar a ƙofar gida, an ɗage murfin injin, Baba yana zaune a kan benci ya haɗa hannuwa. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gida da jiki, sannan na ce, "Baba, yau ba a fita ba?"

Ya ce, "Ta ƙi tashi, Malam. Tun ranar Talata."

Ban damu ba. Tsohuwar mota ce, ta ƙi tashi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Washegari muka samu mutane aka tura ta zuwa gareji.

Mai garejin abokin Baba ne tun suna samari. Ba mu haɗa jini ba, amma Kawu nake ce masa. Garejin nasa ba wani gini ba ne, inuwar wata babbar darbejiya ce a bayan tasha, da akwatin ƙarfe na ajiye sufanu, da ƙasa wadda baƙin mai ya rina. Kawu ya leƙa injin, ya dubi Baba, Baba ya ce, "Ina jin kafireto ne." Kawu ya ce, "To, kafireto ne."

Lokacin nan ne kuɗinmu ya fara lalacewa, kayan gyara suka yi tashin da ba a taɓa gani ba. Abin da ka taya yau, in ka koma bayan wata guda sai mai shago ya yi maka dariya. Duk da haka na shiga Kano na sayo kafireto, aka ɗaura. Kawu ya shiga ya murza makulli, mota ta tashi. Ya zagaya da ita ta bayan kasuwa ya dawo. Baba yana tsaye, ya karkata kai yana saurare.

"Ba ka ji ba?" in ji shi. "Mai ba ya isa. Famfon ne."

Kawu ya ce, "Na ji."

Ni ban ji komai ba, amma wane ni in yi musu da kunnen mutumin da ya shekara talatin a kan sitiyari? Aka canza famfon mai. Bayan shi sai lagireto, wai yana yoyo. Bayan lagireto sai aka ce injin yana shan baƙin mai, dole a sauke shi a sa sabon ringi, wannan kaɗai ya ci wata uku. Da aka gama sai birki. Da aka gama birki sai kuloci. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka sare rake, wasu motoci suka kwashe lodin da Baba ya saba ɗauka. Mutanen Gwangwan suka yi ta aiko da tambaya, har suka gaji suka daina.

Baba ya mayar da gareji wurin zamansa. Da hantsi zai tafi, a hankali, yana bin gefen katanga, ya zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota da aka ajiye a gindin darbejiyar, ba zai dawo ba sai la'asar. Na lura da wasu abubuwa a lokacin, kuma kowanne na ba shi fassarar da ta yi mini daɗi. In na zo ta gefensa ba ya waiwayowa sai na yi sallama, in kuma zai dube ni sai ya juyo da kansa gaba ɗaya. Na ce tunani ne ya yi masa yawa. Ya yi tuntuɓe da buta a tsakar gida sau biyu a gabana, ya yi ta faɗa wai ana ajiye kaya a kan hanya. Na ce zaman banza ne ya sa shi saurin fushi. Ya naɗe Alƙur'aninsa ya rataye, ya ce yana so ya ƙarfafa hadda. Na yaba masa. Ya riƙa sa kwalli har ya yi yawa, shi da a da sai ranar Juma'a yake sawa. Wannan ko fassara ban ba shi ba.

Da damina ta sake zagayowa karo na biyu, haƙurina ya fara ƙarewa. Ba wahalar zuwa Kano ce ta dame ni ba, ganinsa nake yi yana ramewa a kan kujerar nan. Wata Asabar bayan azahar muna zaune a zaure na ce masa, "Baba, ina da magana, in an ba ni dama."

"Ina jin ka, Malam."

"Motar nan ta gaji. Abin da muka zuba mata ya isa. Ana shigo da wasu ta Kwatano, an ɗan yi amfani da su a Turai amma garau suke. A sayar da wannan, in cika, a sayo wata."

Ya ce, "Saura kaɗan ai."

"Baba, bara ma saura kaɗan aka ce."

"Ka san inda motar nan ta shiga da ni? Akwai hanyar da ba ta bi ba tsakanin nan da Rogo? A cikinta na kai uwarka asibiti ranar da aka haifi autarmu."

"Na sani, Baba. Amma ƙarfe ne, yana da iyaka."

"Kowa ma yana da iyaka," in ji shi. "A bar ta tukuna. Akwai wata ƙara a giya, in aka gano ta shi ke nan."

Na fita raina a ɓace. A ganina taurin kai ne irin na tsofaffi, da son abin da aka saba. Na yanke a raina cewa in ya ga sabuwa a ƙofar gida, da makulli a hannunsa, zai sauko.

Ina da bijimai biyu a wurin kawunnaina a Fulatan, asalinsu daga wata karsana ce da kakana ya ba ni ranar suna. Na je na ce a kai su kasuwa. Labari ya riga ni isowa Karaye. Da na shiga gaida Inna, tana tankaɗe, ta amsa gaisuwar tana kallon rariya. Har na miƙe sai na ji ta ce, kamar da rariyar take magana, "Da mai sayen mota zai zauna ya dubi mai motar tukuna."

Na ɗauka nufinta in nemi izininsa. Na ce, "Inna, na yi masa magana ya ƙi. In ya gani zai so." Na ga hannunta ya tsaya da tankaɗen, amma na fita.

Na biya ta gareji don in gaya wa Kawu ya daina neman ƙarar giya. Na same shi shi kaɗai, Baba ya tafi masallaci. Da na faɗa masa, ya ajiye sufana, ya goge hannu da tsumma.

"Malam, ka yi magana da mahaifinka."

"Na yi, Kawu."

"Ka sake yi. Ka zauna da shi sosai."

Abin da na ce masa daga nan, har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce, "Kawu, kada ka damu. Ko an sayi sabuwa ai nan za a riƙa kawo ta." Na faɗa da murmushi, amma ya gane abin da nake nufi, domin na daɗe ina zargin yana jan gyaran ne don ya riƙa samun na cefane. Ya dube ni, ya ɗauki sufanarsa, ya ce, "Allah ya sa albarka."

Na haɗa kuɗin bijiman da na babur ɗina, na tafi Kano. Kwana biyu ina zagaya wuraren dillalai kafin na samu wata akori-kura shuɗiya, fentinta yana ƙyalli, kujerunta ba ko yagewa. Baba ne ya koya mini tuƙi tun ina sakandare, don haka ni na jawo ta da kaina. Duk tsawon hanya ina ta shirya yadda zan miƙa masa makulli, da abin da zai ce.

Na iso ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da dattawan unguwa suke zaune a dakalin maƙwabcinmu. Da gangan na zaɓi lokacin. Ina so a gani. Na tsaya a ƙofar gida na danna ham, mutane suka taso, mata suka leƙo ta zaure. Ana ta "Ma sha Allah," ana shafa bodi. Baba ya fito daga zaure ya tsaya a bakin ƙofa.

Na durƙusa na ce, "Baba, ga ta. Taka ce." Na miƙa makullin.

Ya miƙo hannu, sai hannun ya wuce ta gefen nawa. Ya dawo da shi, ya lalubo yatsuna, ya karɓa. Na ga wannan da idona, amma murna ta hana ni tsayawa a kansa.

Ya zagaya motar yana bin ta da tafin hannu, tun daga fitila har bodin baya. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam. Allah ya ba ka masu yi maka." Sannan ya ce, "A shigar da ita inuwa, gobe ma gani."

Dattawan suka ce ina, ai ba a yi haka ba. Wani ya ce, "Direban direbobi, a ɗan zagaya mana mu gani." Ni ma na sa baki, har da buɗe masa ƙofa. Kawu ya iso a lokacin, ban san wanda ya gaya masa ba. Ya ce, "Ku bari in fara gwada ta, ba a san halinta ba." Na ce, "Kawu, yau dai mai ita ne zai fara."

Baba ya shiga, na zagaya na zauna a gefensa. Ya lalubi ramin makulli ya murza. Injin ya tashi da wani sauti mai laushi, ya saurara, har na ga fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce, "Injin lafiya lau." Ya taka kuloci, ya sa giya, motar ta motsa sumul kamar yadda ya saba tayar da mota, ko ruwa ka ɗora a kai ba zai zube ba. Ba mu yi taku ashirin ba na ga muna karkata hagu. Na buɗe baki ke nan sai ƙafar gaba ta hau dakalin da dattawan suka tashi daga kai, gefen motar ya gurji katanga. Ya taka birki. Injin ya mutu.

Allah ya sa ba kowa a kan dakalin. Da minti biyar kafin nan ne, da mutum huɗu ne a zaune a wurin.

Aka yo kanmu. Kawu ya riga kowa, yana ɗaga murya yadda kowa zai ji, "Na faɗa! Motocin Kwatanon nan sitiyarinsu yana ja gefe. Sai an daidaita ƙafa." Mutane suka kama, "Haka ne, haka ne, sai an duba."

Baba bai saki sitiyarin ba. Ya yi magana a hankali, ni kaɗai na ji.

"Ba sitiyari ba ne, Malam."

Na dube shi.

"Ban ga dakalin ba. Ban ga katangar ba. Kai ma da kake zaune a nan ba na ganin ka, sai na juyo."

Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Wannan ne karo na farko a cikin shekara biyu da na kalli idon mahaifina sosai. Ba ja, ba fari, ba komai a cikinsu da za ka nuna, sai kwalli da ruwan da ya taru.

Muka bari mutane suka watse. Bayan la'asar ya kira ni zaure ya gaya mini sauran. Ya ce abin ya daɗe da farawa, gefe-gefen ganinsa ne yake ta rufewa a hankali, har ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ke gabansa sak yana gani, na gefe kuwa babu. Ya ci gaba da tuƙi yana juya kai. Ranar Talatar nan da ya ce mota ta ƙi tashi, yana dawowa daga Gwangwan da lodin masara sai ya ji wani abu ya bugi madubin gefe. Ya tsaya. Wata mai tallar nono ce, tana tafiya a bakin hanya, madubin ya make ƙwaryar da ke kanta. Nono ya malale a ƙasa, ƙwarya ta fashe, ita kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba, tana tsaye tana salati, da goyo a bayanta.

"Rana tsaka ne, Malam. Hanya fetal. Ban gan ta ba sam. Da taku ɗaya ta matso, da ita da ɗan na kwashe."

Ya biya ta, ya ba ta haƙuri, ya lallaɓo gida da giya ɗaya. Da ya iso ya ɗaga murfin injin ya zare wata waya da hannunsa.

Na ce, "Baba, me ya sa ba a gaya mini ba?"

Ya ce, "Na ɗauka zai washe. Na ce kafin a gama kafireto ya washe. Aka gama bai washe ba, na ce kafin a gama famfo. Kuma mutum yana zaune a gareji, direba ne motarsa ta lalace. In ya dawo gida ya zauna fa, mene ne shi?"

Kawu ya sani tun ranar farko, don yana leƙa injin ya ga wayar da aka zare. Inna ma ta sani, ita take daka masa magungunan da ake karɓowa daga ƙauye, ita take kawar da kaya daga hanyarsa. Ya roƙe su kada su faɗa. Ni kaɗai ne, mai ilimin gidan, nake ta hawa mota zuwa Kano ina sayo ƙarafa.

Ranar Litinin na ɗauki hutu na kai shi asibitin ido a Kano, a cikin sabuwar motar, ni ina tuƙi yana gefe. Bai yi magana ba sai sau ɗaya, da ya ce ina saurin sakin kuloci. Muka yi layi tun safe har azahar. Likitan ya haska idon, ya auna, ya sake aunawa, sannan ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Ya ce za a ba da magani na ɗigawa don a tsare ɗan abin da ya rage. Sai ya tambaye ni, "Tun yaushe ya fara?"

Na ce ya fi shekara biyu.

Bai yi mini faɗa ba. Ya rubuta takardarsa kawai, ya ce, "Da an zo da wuri, da an tsare da yawa." Baba ya yi masa godiya, ya tambaye shi iyali, kamar an ba shi labari mai daɗi.

Da muka dawo, kafin in shiga gida na wuce gareji. Kawu yana ƙarƙashin wata bas. Na tsuguna na jira har ya fito. Na ce, "Kawu, na zo neman gafara." Ya ce ba komai, ni ɗa ne. Sannan ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, ya ce, "Ni ne zan nemi gafararka. Ya ce in rufa masa asiri, na rufa. Na ɗauka abota ke nan. Duk ranar da ka kawo kaya daga Kano sai in kasa cin abinci. Da na kama hannunsa na kai shi asibiti tun ranar farko, ko zai yi fushi da ni har abada." Ya share fuska da tsumman aikinsa, baƙin mai ya ɓata masa goshi. Duk abin da na sayo ya ɗaura shi a motar, bai taɓa karɓar ladan aiki ba. Ni ban ma taɓa tambaya ba, na ɗauka Baba ne yake biyansa.

Sai ga shi muna da mota biyu, ba direba. Shuɗiyar ba ta yi wata biyu a hannuna ba na mayar da ita Kano, aka saya da ragi saboda gurjewar gefen. Ban ji zafin rabuwa da ita ba, ko kallonta ba na son yi. Farar ce na so a bari. Na ce a dawo da ita ƙofar gida a yi mata rumfa, ya riƙa zama a ciki in ya ga dama. Baba ya ƙi.

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, Malam. Ta fi ranar da na saye ta lafiya, kai ka gyara ta. In aka ajiye ta, kaji ne za su yi ƙwai a ciki. A ba wanda zai nemi abinci da ita."

Wani magidanci daga Gwangwan ya saya, mutumin da Baba ya sha ɗauko wa masara. Ranar da ya zo ɗauka, Baba ya sa aka kai shi gareji. Ya tsaya ya yi wa mutumin bayani dalla-dalla, cewa tana son a ɗan ɗumama ta da safe, kada a cika mata lodi a gefe ɗaya, in za a hau gangaren rafi a sa giya biyu tun daga ƙasa. Mutumin yana ta "To, Baba." Da ya ja ta ya tafi, Baba ya tsaya har ƙarar ta ɓace, sannan ya ce mini, "Mu je gida." Ya ɗora hannunsa a kafaɗata. Ranar ce ya fara yarda a ja shi a gaban mutane.

Na nemi canjin wurin aiki na dawo Karaye da iyalina. Maganin ya riƙe ɗan ganin da ya rage na kamar shekara uku, daga nan ya rufe gaba ɗaya. Abin da ya ji tsoro bai faru yadda ya zata ba. Ba wanda ya raina shi. Direbobin tasha sukan kawo mota ƙofar gida su bar injin yana aiki, su ce, "Baba, a saurara mana," ya karkata kai ya faɗi abin da ke damunta, kuma sau da yawa haka ne. Amma bai koma mutumin da yake a da ba. Dariyarsa ta ragu, kuma bai sake ba da labarin hanya ba. Ranar kasuwa yakan zauna a zaure, in farar ta wuce ta babban titi sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ga ta can." Wani lokaci ya ƙara da, "Ya cika mata lodi." Bayan wasu shekaru ta daina wucewa. Na ji an ce an sayar da ita can wajen Zariya, ban gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba.

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Kawu ne ya yi masa wanka tare da limamin unguwa. Bayan sadakar bakwai na shiga ɗakin Inna na zauna a bakin ƙofa. Sai na ji ta ce, "Na so in faɗa maka. Bakina ne ya kasa." Ta ce maka. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta yi mini magana haka ba, kuma ba ta sake ba har ta bi shi.

Likitan nan ya gaya mini tun a wancan lokaci cewa ciwon yana bin jini, in riƙa zuwa ana auna ni. Na riƙa zuwa. Shekarun baya aka same shi a idona na hagu, yana farawa. Ina ɗiga magani safe da yamma, kuma har yanzu ina karatu, ina rubutu da hannuna. Ranar da aka gaya mini, daga asibiti ban biya ko'ina ba. Na zo gida na tara 'ya'yana, har da babbar wadda nake jin nauyinta, na kira ta da sunanta, na faɗa musu abin da likita ya ce.